Tashin Zuciya Yayin Nutso da Riga Mai Hana Jiƙa: Yadda Ake Bin Diddigin Dalilinsa

Tambayar nan ta yawaita daga 'yan'uwanmu matasan Kano da suka tafi koyon aikin nutso a Legas da Fatakwal, da waɗanda karatu ko aiki ya kai su ƙasashen da ruwansu ke da sanyi kamar Afirka ta Kudu da Birtaniya, har ma da masu shiga madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa domin gyara ko ceto. Kusan kalmominsu iri ɗaya ne: mutum yana nutsonsa lafiya da rigar roba ta yau da kullum wadda ruwa ke shiga, amma tun da ya koma rigar da ke rufe jiki ruf ta hana ruwa taɓa fata, sai zuciyarsa ta riƙa tashi, wani lokaci har da amai. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, tashin zuciya alama ce da abubuwa da yawa ke haifarwa, wasu ana gyara su da almakashi a zaune, wasu kuma suna kisa. Haɗiyar maganin hana amai domin a rufe bakin alamar ba tare da an san tushenta ba shi ne kuskuren da ya fi kowane haɗari. Matakan da ke tafe na wanda ya riga ya sami horo ne a kan wannan riga a hannun ƙwararren malami. Wanda bai samu ba, ya fara da neman horon.

1. Rubuta lokacin da abin yake farawa

Kafin ka taɓa riga ko ka sayi wani abu, ɗauko littafin nutsonka ka rubuta amsar tambaya guda: a wane lokaci ne daidai zuciyarka take fara tashi? Tun kana tudu bayan ka zura kanka cikin robar wuya ne, ko a cikin kwale-kwale, ko kana sauka, ko bayan ka jima a ƙasa kana aiki, ko kana tasowa, ko kuwa sai bayan ka fito ka tuɓe? Ka haɗa da zurfin da ka kai, da tsawon lokacin da ka yi, da abin da ka ci, da inda aka cika maka silinda, wato tukunyar iskar da kake shaƙa a ruwa, da kuma sauran alamomin da suka rako tashin zuciyar, kamar ciwon kai, jiri, ƙarar kunne, gyatsa ko haki.

Wannan rubutu shi ne rabin binciken. Tashin zuciyar da ke farawa a tudu yana nuni ga robar wuya ko zafi. Wanda ke zuwa a ƙasa tare da sarawar kai yana nuni ga iskar da ake shaƙa ko yadda ake numfashi. Wanda ke zuwa farat ɗaya tare da hajijiya lokacin tasowa yawanci na kunne ne. Wanda ya bayyana bayan an fito kuwa, shi ne ba a yi masa jinkiri ko kaɗan.

2. Tambayi jikinka tun a gida

Mu a nan muna da abubuwan da littattafan nutso na ƙasashen waje ba sa tsayawa a kansu sosai. Zazzaɓin cizon sauro yakan fara da kasala da ɗacin baki da tashin zuciya kafin jiki ya ɗau zafi, kuma wasu magungunansa, musamman mefulokwin, suna kawo jiri da tashin zuciya da kansu. Murar hunturu tana toshe hanyar da ke tsakanin maƙogwaro da kunne. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwannafi zai fi jin jiki a ruwa, domin matsin ruwa da ɗamarar dalma, wadda ake ɗaurawa don ta ba jiki nauyin nitsewa, suna tura abin da ke cikin ciki zuwa sama. Mace kuma ta tabbata ba juna biyu gare ta ba, domin mai ciki ba ta nutso ko da lafiyarta ƙalau.

Game da abinci, a ci mai sauƙi kamar awa biyu kafin shiga ruwa. A bar wake da ƙosai da alale da lemon kwalba mai gas da abinci mai maiƙo da yaji zuwa bayan an gama, saboda iskar da ke cikin hanji tana kumbura lokacin tasowa. Shiga ruwa da ciki wayam shi ma matsala ce, domin aiki a ƙarƙashin ruwa yana cin ƙarfi. A ganina, wanda yake azumi ya ɗage nutsonsa, ko kuma idan aikin dole ne ya tattauna da likita da shugaban aikinsa tun da wuri, saboda ƙishirwa da yunwa suna haɗuwa da zafin rigar su kayar da mutum.

Gargaɗi: mai ciwon sikila, ko farfaɗiya, ko asma da ba ta lafa ba, ko ciwon zuciya, ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, kada ya shiga ruwa da silinda sai likitan da ya san harkar nutso ya duba shi ya ba shi izini.

3. Gwada robar wuya a zaune

Idan da za a tambaye ni inda za a fara dubawa a jikin rigar, robar wuya zan nuna. A gefe biyu na wuyan mutum akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma a jikinsu akwai wani wuri da ke auna ƙarfin bugun jini. Idan roba ta shaƙe wurin, sai jiki ya ɗauka jini ya hau, ya rage bugun zuciya, alhali ba hawa ya yi ba. Daga nan sai jiri, da tashin zuciya, da ciwon kai, a wasu lokuta har da suma. Sabuwar roba kusan kullum takan zo a matse, domin masu ƙera ta suna barin ta haka ne don kowa ya yanka daidai wuyansa.

Ga yadda ake gwajin. Zauna a inuwa tare da wani a kusa da kai, ka sa rigar, ka gyara robar ta kwanta sumul a ƙasan maƙogwaro ba tare da ta naɗe ba, sannan ka zauna minti goma zuwa goma sha biyar. Ka ce wa wanda ke tare da kai ya riƙa duban fuskarka. Idan jijiyoyin goshinka suka taso, idanu suka yi ja, fuska ta yi nauyi kamar ta kumbura, kana jin bugun jini a kunne, ko haɗiyar yawu tana yi maka wuya, to robar ta matse fiye da kima. Roba mai kyau tana kama wuya ne kamun da za ka sani tana nan amma ka manta da ita bayan ɗan lokaci.

Gyaran ya danganta da irin robar. Idan ta latas ce, wato baƙar roba mai laushi, a fara da miƙar da ita: a zura ta a jikin wani abu mai santsi wanda ya ɗan ɗara wuyanka kauri, a bar ta ta kwana, a sake gwadawa. Idan har yanzu tana shaƙewa, sai a juya ta ciki ya koma waje, za a ga layuka zagaye-zagaye a bakinta. A sa almakashi mai kaifi sosai a yanke zagaye ɗaya tak, a bi layin da dogon yanka, mutum ɗaya yana riƙe robar a miƙe, ɗaya yana yanka. Bayan an gama a bi bakin da yatsa a ji ko akwai ɗan tsagi ko tudu, domin ɗan tsagin da ido bai gani sosai ba shi ne inda robar za ta yage ranar da kake zura kai. A sake zama da ita minti goma sha biyar kafin a yanke shawarar cire zagaye na biyu. Robar silikon ita ma ana yanka ta a kan layi. Mai kauri irin ta soso kuwa, wadda ake lanƙwasa bakinta ciki, ba a cika yanka ta ba, ana miƙar da ita ne ko a sauya ta da wadda ta dace.

Gargaɗi: abin da aka yanke ba ya komawa. Wanda ya cire zagaye biyu ko uku a lokaci guda don gaggawa yakan ƙare da robar da ke yoyo, sai sayen wata. Haka kuma kada ka shiga ruwa da robar da ta matse da tunanin za ta saki a ƙasa. Sannan a kiyaye latas daga turare da basilin da man shafawa da zafin rana, domin suna cinye ta ta yi danƙo ta tsattsage, kuma zafin Kano kaɗai ya isa ya rage mata kwana idan aka bar ta a bayan mota. Wanda fatarsa ke yin ƙuraje ko ƙaiƙayi idan ta taɓa latas ya nemi ta silikon.

4. Tsara sa kaya don kada zafi ya riga ka

An yi wannan riga ne don ruwan sanyi ko gurɓataccen ruwa, kuma ba ta barin gumi ya fita. Mutumin da ya sa kayan ɗumi a ciki, ya ja zif, ya tsaya a rana yana jiran abokansa su gama haɗa kaya, zai iya galabaita kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa. Alamomin su ne gumi mai yawa, bugun zuciya da sauri, ciwon kai da tashin zuciya. Tsarin da ya dace shi ne a haɗa silinda da regileta (na'urar da ake sawa a baki a shaƙi iskar silinda) da falmaran ɗin iska (wanda ake hura wa iska don daidaita nitsewa da tasowa), a gwada komai, a shirya dalma, a gama bayanin aiki, a yi fitsari, sannan a sa rigar zuwa ƙugu. Ba a zura kai a ja zif sai saura 'yan mintuna a shiga. Idan aka sami jinkiri bayan an rufe, a koma inuwa, a zuba ruwa a kai da jikin rigar, ko a buɗe zif ɗin.

Akwai wata ɗabi'a da na ga ta zama ruwan dare, kuma tana damuna ƙwarai. Saboda ba a iya fitsari a cikin wannan riga, sai mutum ya ƙi shan ruwa tun safe. Ga gumi, ga busasshiyar iskar silinda da ke ɗebe danshin huhu, ga shi kuma shiga ruwa yana sa ƙoda ta ƙara tace fitsari. Ƙarancin ruwa a jiki yana kawo tashin zuciya, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar jini, wato ciwon da ke faruwa idan iskar da ta narke a jiki a zurfi ta koma kumfa yayin tasowa. Mafita ita ce a riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan tun daren jiya har safiya, a duba launin fitsari ya zama fari-fari, kuma mai dogon nutso ya sa a haɗa wa rigarsa bawul ɗin fitsari ko ya yi amfani da ƙunzugun manya. Babu abin kunya a cikin wannan, masu aikin duk sun san shi.

5. Binciki iskar da ke cikin silinda

Wannan mataki bai shafi rigar kai tsaye ba, amma ba zan yarda a tsallake shi ba, domin a yanayinmu na rashin tsayayyar wutar lantarki shi ne ya fi ba ni tsoro. Injin cika silinda yana zuƙo iskar da ke kewaye da shi ne ya danna ta ciki. Na taɓa ganin wurin da aka ajiye injin a lungu ɗaya da janareto, bakin tiyon da ke zuƙar iska yana rataye bai fi taku uku daga salansa ba, bangon wurin ya yi baƙi da hayaƙi, ana ta cika silinda ana jerawa. Duk abin da ya fito daga salansar nan yana shiga huhun wanda zai ɗauki silindar. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi ko ɗanɗano, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau fiye da 200. A ƙa'idar Turai ta iskar numfashi, ba a yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Injin da ya yi zafi sosai har mansa ya fara ƙonewa shi ma yana haifar da ita, ko da babu janareto a kusa.

A zurfin mita 10 matsi ya ninka na tudu sau biyu, a mita 30 sau huɗu, don haka duk numfashi ɗaya yana ɗauke da ninkin gubar. Alamominta su ne ciwon kai mai sara, tashin zuciya, jiri da rikicewar tunani, kuma sukan tsananta lokacin tasowa.

Abin da za ka yi shi ne ka je da kanka ka ga inda ake cikawa. Bakin tiyon zuƙar iska ya kasance a sama, a fili, ta ɓangaren da iska ke busowa, nesa da janareto da motoci da injin kwale-kwale. Ka tambayi yaushe aka sauya matatar injin, domin zafi yana sa ta gaji da wuri. Ka buɗe bawul ɗin silinda kaɗan ka shinshina, ka kara farin ƙyalle a bakinsa na ɗan lokaci ka ga ko zai yi tabon mai. Mafi inganci shi ne na'urar auna kabon monoksaid, wadda ake karawa a bakin silinda ta nuna lamba.

Gargaɗi: rashin wari ba shaidar tsafta ba ne, amma samun warin mai ko hayaƙi shaidar gurɓata ce, kuma a ajiye silindar nan take. Idan mutum biyu ko uku da aka cika wa a wuri ɗaya suka fito da ciwon kai da tashin zuciya a rana ɗaya, a dakatar da dukkan silindun wurin, a ba waɗanda abin ya shafa oksijin, a kai su asibiti.

Mai amfani da naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, ya auna silindarsa da hannunsa ya rubuta iyakar zurfinta a jiki. Mai oksijin kashi 32 cikin ɗari iyakarta kusan mita 33 ce, mai kashi 36 kuma kusan mita 28. Tashin zuciya, da rawar leɓe ko fuska, da ƙarar kunne, da ƙanƙancewar gani suna cikin alamomin gubar oksijin, wadda ke iya kai wa ga jijjiga a cikin ruwa. Wanda ya ji haka ya sanar da abokinsa su fara tasowa ba tare da ɓata lokaci ba.

6. Idan kwale-kwale ne ke juya maka ciki

Da yawa daga cikinmu ba mu tashi a bakin teku ba, don haka juwar jirgin ruwa ba abin mamaki ba ce. A zauna a tsakiyar jirgi inda ya fi rashin tangaɗi, a fuskanci iska, a kafa ido a can inda ruwa ya haɗu da sama, a nisanci hayaƙin inji, a kuma guji duƙawa ana ɗaure-ɗaure ko duba waya. Magunguna irin su Stugeron suna taimakawa, amma suna kawo gyangyaɗi, saboda haka a tambayi likita, a kuma fara gwada su a ranar da ba a nutso. Wanda ya riga ya yi ta amai har ya galabaita ya haƙura da nutson ranar.

7. Sauka: iskar riga, dalma da numfashi

A mita 10 na farko iskar da ke cikin rigar tana komawa rabin girmanta, sai rigar ta manne ta matse ƙirji da ciki. Wanda ya yi jinkirin danna bawul ɗin ƙirji, wanda ke ƙara wa rigar iska, zai ji numfashi yana yi masa wuya, ya koma yin gajeren numfashi. Tun daga mita na farko ake ƙara iska kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai cire matsin kawai. Kishiyar wannan kuskure ita ce yawan dalma: mutum ya ɗaura fiye da bukata, ya cika rigar da iska don ya rama nauyin, sai iskar ta zama babbar kumfa mai yawo daga kafaɗa zuwa ƙafa. Da zarar ta taru a ƙafa sai kai ya yi ƙasa, ruwan ciki ya gangaro maƙogwaro, mutum ya shiga kokawa da rigarsa.

Wannan kokawa ita ce ke tara iskar kabon dayoksaid a jini. Rigar tana da girma, ruwa yana riƙe ta, ga nauyin dalma, ga iska da ke ƙara kauri da zurfi, ga regileta da wataƙila ta daɗe ba a yi mata sabis ba. Idan aka haɗa da ɗabi'ar riƙe numfashi don a tsimi iska, sakamakon shi ne haki, ciwon kai mai nauyi, tashin zuciya da firgici. Idan ka ji haka, tsaya cak, riƙe igiya ko wani abu mai ƙarfi, ka fitar da numfashi har ƙarshe a hankali, ka sake ja a hankali. Fitarwar ce ke wanke jinin. Idan bai lafa ba cikin ɗan lokaci, a kawo ƙarshen nutson.

Don gano dalmar da ta dace, a yi gwaji a ƙarshen nutso lokacin da silinda ta rage kusan bar 50 (bar ma'aunin matsin iska ne): ya kamata ka iya tsayawa a mita 5 babu iska a falmaran, rigar kuma da 'yar kaɗan, ba ka nitsewa ba ka tasowa. A tuna cewa iskar da ke cikin silinda mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 ta kusa kilo 3, kuma duk lokacin da aka sauya kayan ɗumi na ciki ko aka tashi daga teku aka koma ruwan dam, sai an sake gwajin. Ɗamarar dalma kuma ta zauna a kan ƙugu, kada ta shaƙe tumbi.

8. Kunne da hular roba

Kunnen ciki shi ne ke riƙe da daidaiton jiki, shi ya sa duk abin da ya taɓa shi yake zuwa da hajijiya da amai. Hular roba da ta manne wa kunne ɗaya takan hana ruwa shiga, sai ruwan sanyi ya shiga ɗaya kunnen kaɗai, bambancin zafin ya sa duniya ta riƙa juyawa. Maganinsa shi ne da zarar an shiga ruwa a ja gefen hular a bar ruwa ya shiga kunnuwa biyu. Haka nan lokacin tasowa, idan kunne ɗaya ya saki iska ɗaya bai saki ba, jiri mai ƙarfi yakan zo farat ɗaya. A tsaya, a riƙe igiya, a kafa ido a kan agogon zurfi, a ɗan koma ƙasa kamar mita ɗaya, a haɗiyi yawu, sannan a ci gaba da tasowa a hankali. A ruwan dam mai laka inda ba a ganin tafin hannu, rashin abin da ido zai kama shi kaɗai yana kawo juwa, don haka kada a sauka ko a taso sai da igiya.

Gargaɗi: kada a toshe hanci a busa da ƙarfin tsiya, domin yana iya fasa dodon kunne ko ya ji wa kunnen ciki rauni. Kada kuma a sha maganin mura don a samu a shiga ruwa, saboda yana iya sakin mutum yana ƙasa, hanyar ta toshe, tasowa ta zama azaba.

9. Idan amai ya zo kana ƙasa

Kada ka cire regileta daga bakinka. Bayan amai jiki yana jan numfashi da kansa ba tare da izininka ba, kuma idan bakin a buɗe yake ruwa za ka ja. Dafe regiletar da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙe igiya ko abokinka, ka yi aman ta cikinta, zai fita ta inda kumfa ke fita. Danna maɓallin wanke ta, ka ja numfashin farko a hankali harshenka yana tokare da dasashi don tare ɓurɓushi. Idan ta toshe, koma regileta ta biyu. Daga nan ka nuna wa abokinka alamar matsala, wato tafin hannu a shimfiɗe ana karkaɗa shi, ka nuna cikinka, sannan ka ɗaga babban yatsa sama, wato alamar a taso.

10. Tasowa da sa'o'in da ke biye

A taso a hankali, kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti, bawul ɗin kafaɗa a buɗe, kafaɗar hagu a sama don iskar riga ta riƙa fita, ana numfashi ba tare da riƙewa ba. Idan hali ya yi, a tsaya minti 3 a mita 5. Wanda ya haɗiyi iska da yawa wajen daidaita kunne zai ji ciki ya kumbura a wannan lokaci, sai ya dakata ya yi gyatsa.

Bayan an fito, a buɗe zif a cire kai daga robar wuya, a zauna a inuwa. Idan tashin zuciyar ya tafi cikin 'yan mintuna da cire robar, an sami babbar shaida a kan mataki na 3 ko na 4. Amma idan ya zo tare da hajijiyar da ba ta tsayawa, ko toshewar ji, ko ƙarar kunne, ko tangaɗi a tafiya, ko ciwon gaɓoɓi, ko mutuwar wani sashe na jiki, ko tabo a fata, ko rikicewar magana, ko tari mai kumfa da ƙarancin numfashi, to a ɗauke shi a matsayin ciwon kumfar jini ko raunin huhu ko na kunnen ciki har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da mutum, a gefensa idan yana amai, a ba shi oksijin tsantsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a kai shi asibiti tare da kwamfutar nutsonsa, a kuma kira layin gaggawa na ƙungiyar DAN, wadda ke ba da shawara kan haɗurran nutso. Tun kafin ranar aiki ya kamata shugaban tawaga ya san inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato ɗakin da ake sa mai ciwon kumfar jini don magani, da yadda za a kai mutum can.

Gargaɗi: kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Kada kuma a hau jirgin sama don a dawo gida Kano a yi jinya, domin raguwar matsi a sama tana ƙara girman kumfar. Ko mai lafiya ma yana jiran aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, fiye da haka kuma idan nutson ya bukaci tsayawar dole a hanyar tasowa. Masu shiga madatsun ruwan jiharmu su lura cewa Kano tana sama da teku da kusan mita 480, kuma duk nutson da aka yi a wurin da ya haura mita 300 sama da teku ana yi masa lissafin tudu, don haka a tabbata an saita kwamfuta ko jadawali a kan hakan.

11. Komawa ruwa da abin da za a kashe

Bayan likita ya sallame ka, ko kuma idan alamun ba su kai na asibiti ba, ka koma ta ruwa mara zurfi, kwamin iyo ko wurin da bai wuce mita 5 ba, tare da malami ko abokin da ya san rigar. Ka sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Idan ka yanke robar wuya, ka rage dalma, ka sauya wurin cika silinda, ka kuma sha magani duk a rana ɗaya, ko abin ya tafi ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba, kuma ranar da ya dawo za ka koma farko.

Ta fuskar kuɗi, yawancin gyaran nan ba su da tsada idan aka kwatanta da rigar kanta, wadda sabuwarta takan kama daga wajen dala 1,000 zuwa sama. Miƙar da roba da yanka ta, da tsara sa kaya, da shan ruwa, da rage dalma ba sa cin ko sisi. Sauya robar wuya da sabis ɗin regileta, wanda ake yi gwargwadon ƙa'idar kamfanin da ya ƙera ta, yawanci shekara ɗaya ko biyu, su ne kashe kuɗi na yau da kullum. Na'urar auna kabon monoksaid ta fi su tsada, amma tawaga guda za ta iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya kowa ya riƙa amfani da ita. Da yake ba a samun kayan gyaran wannan riga a kasuwannin Kano, duk mai yin oda daga waje ya haɗa da robar wuya da ta hannu na ajiya da gam ɗinsu, ya adana su a leda mai rufi a wuri mai sanyi da duhu, nesa da janareto da man fetur.